Angon Ƙarni a Bayan Motar Tumatir

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ko da na so in manta. Na ma gwada, abin ya ƙi. Har yau in na ga an ɗaure rago a ƙofar gida ana raba goro sai in ji gumi ya tsatso mini a goshi, alhali yaron da aka yi wa sunan yanzu furfura ta fara leƙo masa a gemu.

A shekarun nan ne da aka hana shigo da alkama daga waje, aka ce kowa ya koma gona ya noma tasa. Ni kuwa ina ƙaramin malamin gona a filayen noman rani na tsakanin Kura da Bunkure, aikina rabon ruwa. Yau in buɗe wa wannan layi, gobe in rufe in buɗe wa wancan. Aiki ne da ba ya bar wa mutum masoya da yawa, don duk wanda ka rufe wa ruwa gani yake da gangan ka yi. Yini nake yi a bakin magudana, rana na dukan ruwa, ruwa na mayar mini da ita cikin ido. A nan ciwon ɓarin kai ya same ni ya yi gida.

Wanda bai taɓa yin wannan ciwo ba, ya gode wa Allah. Da farko wani ƙyalli ne ke fara rawa a gefen idona na hagu, sai kuma ɓarin kan ya ɗauka kamar ana daka a ciki, sai amai. Ba na son haske, ba na son magana, ko kukan kaza sai in ji kamar da ni take. Na sha rubutu, na yi shaƙe, wanzami ya yi mini tsaga a gefen goshi, duk a banza. Daga ƙarshe na je asibitin sha-ka-tafi, ma'aikacin ya ƙunsa mini wasu ƙananan ƙwayoyi a takarda. Ya ce suna tsayar da aman, suna kwantar da ciwon, suna sa barci, kuma in na sha kada in tuƙa babur. Iyakar gargaɗinsa ke nan. (Ban ga laifinsa ba. Ina jin shi ma iyakar abin da aka gaya masa ke nan.)

A lokacin matata Hajara tana gidan iyayenta goyon ciki, a wani ƙauye gab da Bunkure, kuma Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Ana gobe suna, da magariba, sai ga ƙyallin nan a idona. Na ce ina, ba a gobe ba. Na kwance takarda na haɗiyi ƙwayar, na kwanta, barci ya yi gaba da ni.

Kiran sallar asuba ne ya tashe ni. Kai garau, kamar ban taɓa ciwo ba. Har na fara godiya, sai na lura matsala ta sauka daga sama ta koma ƙasa.

To, mai karatu, ka yi haƙuri, dole in faɗa, don kunyar faɗar ce ta kusa kashe ni a ranar. Gabana ne ya miƙe ya ƙi kwanciya. Kowane namiji ya san wannan da safe, ba abin labari ba ne, yakan wuce kafin mutum ya ɗauki buta. Wannan bai wuce ba. Kuma babu wata sha'awa a cikinsa, ko ɗigo. Zafi ne kawai, da tauri, da wani zugi kamar an ɗaure yatsa da zare an manta. Na kwarara ruwan randa mai sanyi har haƙorana suka fara kaɗawa. Na zagaya ɗaki. Na karanta duk abin da na haddace. Na tuna fuskar shugabanmu na ofis ranar da ya yi mini faɗa a gaban manoma. Ko gezau.

Ranar a ɗaki na yi sallah, ban je masallaci ba. Na zauna a bakin gado, gabana na faɗuwa (wancan gaban nake nufi, na ƙirji), ina lissafin wa na ɓata wa. Nan take wani manomin albasa ya faɗo mini a rai, wanda na rufe wa ruwa a makon da ya wuce, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Za ka gani, Malam." Na ce shi ke nan, ga shi ina gani. Ƙwayar da ke aljihuna kuwa ko a mafarki ban zarge ta ba. Ta kai ce, me ya kai ta can?

Allah ya yi wa wanda ya fara ɗinka babbar riga albarka. Ina da wata sabuwar shadda fara da na ɗinka musamman don ranar, ta sha bugu har tana tsayawa da kanta. Na ƙara tamke mazagin wando, na zura 'yar ciki, na jefa babbar rigar a kai, na tara ta a gaba na riƙe da hannu biyu kamar wani attajiri. Na duba sama da ƙasa, na ga asiri a rufe.

Sai ga Tanimu, abokina kuma abokin aikina, da babur ɗinsa, don shi zai kai ni. Nan na ga wata sabuwar masifa: yaya zan zauna a bayansa? Na ɗauko ƙunshin goron suna na dasa a tsakaninmu, ni kuma na koma can ƙarshen kujera.

"Ango, matso mana," in ji Tanimu. "Ka zauna kamar wanda zai dira."

"Goron nake tsare wa," na ce.

Hanyar bakin magudana muka bi, ta ƙasa, wadda motocin noma suka farfasa. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi har cikin ƙwaƙwalwata. Alkama ta yi kore shar hagu da dama, mutane na ɗaga mana hannu daga gonaki, ni kuwa ina cije leɓe ina salati.

Yanzu ga inda al'ada ta shigo ta ɗaure ni. A wurinmu uban ɗan fari ba ya rawar kai ranar suna. Kunya yake yi. Ba ya shiga gaba, ba ya ɗaukar yaron, ba ya faɗar sunansa, manyansa ne ke tsayawa a yi komai, shi kuwa ya raɓe a gefe kamar baƙo. Baffana ya riga ya iso daga garinmu don ya tsaya mini. Saboda haka da na sauka daga babur a duƙe, na tako a hankali, na durƙusa gaban surukina Alhaji Mudi na kasa ɗago kai, ba wanda ya ga ciwo. Tarbiyya suka gani.

Alhaji Mudi dillalin tumatir ne, mutum mai kwarjini, mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Ya amsa gaisuwata, ya juya wajen liman ya ce, "Yaron nan akwai kunya." Liman ya ce, "Ai irinsu sun yi ƙaranci yanzu."

Na ja jiki na koma lungun zaure, bayan tulin takalma, na zauna na haɗa kai da gwiwa. Aka raɗa suna, aka yi fatiha, aka yanka rago, maroƙi ya yi ta kururuwa. Ni ban ji rabin abin da ake yi ba. Aka kawo waina da miya na ce na ƙoshi, aka ce kunya. Aka kawo kunu na girgiza kai, aka ce kunya. Gumi ya jiƙa mini hula, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce haka shi ma ya yi a nasa na fari. Na ce a raina, Baba, wallahi ba haka ka yi ba.

Da hantsi ya ɗaga, zafin ya canza. Ya daina zugi ya koma wani nauyi mai ƙuna, kuma da na zagaya bayan gida na duba, na ga wurin ya fara yin duhu. A nan tsoro na gaske ya kama ni. Ban san sunan ciwon ba, amma jikina ya gaya mini abin nan lalacewa yake yi, kuma in ya lalace ya tafi ke nan. Ina da shekara ashirin da 'yan kai. Matata na cikin gidan nan da jariri a cinya. Na tsaya na jingina da katanga, ina tunanin yadda mutum zai yi sauran rayuwarsa a haka, da abin da zai ce wa matarsa.

Na yafito Tanimu, na ja shi gefe, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi rigar, sai ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Mutumina, wata nawa rabonka da iyali? Ai dole! Yi haƙuri, arba'in kamar gobe ne."

"Tanimu, ba wasa nake ba. Ciwo ne."

"To bari a watse, in samo maka tsamiya ka sha."

Tsamiya! Na so in shaƙe shi, amma hannuwana biyu suna kan aiki.

Ana haka sai aka aiko wai in shiga in gai da Iya Gambo. Ita ce mahaifiyar Alhaji Mudi, kakar matata, kuma ka san tsakanin kaka da mijin jikarta sai wasa. "Maigidana" take ce mini, kullum tana ƙorafin na yi mata rowar cefane. Na san abin da ke jirana, don a ƙauyen haka suke yi wa angon ƙarni: tsofaffi su tare shi, su bula masa gari a ka, su ƙwace hula ko riga, sai ya fanshi kayansa da goro. A rana irin ta kullum da dariya zan shiga. Ranar kuwa na ce a gaya mata ina zuwa. Aka sake aikowa. Na ce ina zuwa. A na uku Alhaji Mudi da kansa ya ɗago ya ce, "Malam, Iya na kira." Wa zai ce a'a?

Sashenta na can gefe, da 'yar rumfa a gaban ɗaki. Ina sa ƙafa na ji an ja ƙyauren kara a bayana. Su huɗu ne, tsofaffi zalla (wannan kaɗai ne rahamar da na samu a ranar), kowace da gari a tafin hannu.

"Ga shi nan, ɓarawon jikata!" in ji Iya Gambo. "Yau sai ka biya. Ku kama mini shi!"

Gari ya sauka mini a ka, a ido, a baki. Wata ta fizge hula. Na ce su ɗauki hular, na bar musu har abada. Suka ce ba hula suke so ba, wannan sabuwar shaddar suke so. Na ƙanƙame rigar. Na ce, "Iya, don Allah, don Annabi, ban da rigar. Zan kawo goro ƙwarya guda." Ina roƙo suna shewa, don a ganinsu rowa ce da kunya suka haɗu. Kada ka raina ƙarfin tsohuwar da ta yi shekara sittin tana daka. Biyu suka riƙe hannuwana, ɗaya ta kama wuyan rigar ta baya, Iya Gambo ta tattaro ta daga ƙasa ta yi sama da ita.

Na ji iska ta buge ni.

Shewar ta tsaya cak, kamar an rufe ƙofar ruwa. Ga ni tsaye a tsakiyar rumfa, fari fat da gari, daga ni sai 'yar ciki da wando, kuma wandon bai ɓoye komai ba. Wata ta ce, "La'ilaha illallahu." Wata ta juya ta fuskanci bango. Wadda ke riƙe da hulata ta miƙo mini ita a hankali, kamar hular ce za ta yi magani. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Sai kawai na ji hawaye na bin garin da ke fuskata.

Iya Gambo ce ta fara motsi. Ta yafa mini rigar a kafaɗa, ta leƙa fuskata sosai, ta daɗe tana kallo. Duk wasan ya bar muryarta.

"Wannan ba iskanci ba ne," ta ce wa sauran. "Ku dubi leɓensa. Yaro, tun yaushe?"

"Tun asuba, Iya."

"Tun asuba! Kana zaune a zaure ana yabonka? Ni ban san wannan ciwo ba, amma na san fuskar wanda ke jin jiki." Ta juya ga ƙawayenta. "Wadda ta fitar da maganar nan, ni da ita har lahira." Sannan ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji: "A kira mini Mudi!"

Na ce, "Iya, kowa ban da shi." Ko kallona ba ta yi ba.

Ya shigo, ta ja shi gefe ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na ga ƙeyarsa ta ƙame. Wanzamin da ya zo askin jariri, ban san yadda ya shinshino ba, sai ga shi ya leƙo da zabirarsa yana cewa a bar shi da ni, ƙaho biyu zai kafa a wurin, jinin ya fita. Na ji kamar in haura katanga. Alhaji Mudi ya ce, "A'a. Kano za mu." Bai kira direbansa ba. Shi da kansa ya karɓi makullin a-kori-kurar da yake kai tumatir kasuwa.

Zama a gaba ya gagare ni, ga zafi, ga suruki. A baya na kwanta, tsakanin kwandunan tumatir da babu komai a ciki sai wari, Tanimu na tsugune kusa da ni, dariya ta ƙare masa. Aka ce wa jama'a ciwon kan ango ne ya tashi. Da muka ratsa Kura motar ta rage gudu saboda cunkoso, sai na ji muryoyin manoman da suka san motar: "Alhaji, an yi suna lafiya? Ina angon?" Na jawo kwando na kifa a kaina. A haka na shiga birnin Kano, uban ɗa, malamin gona, da kwandon tumatir a ka.

A asibiti akwai layi, kuma mai ba da kati na bayan wata 'yar taga, sai ka ɗaga murya yake ji. Mata a bayana, mata a gefena. Ya ce, "Me ke damunka?"

Ka san abin da na ce? Bayan duk wannan wahala, bayan tsofaffi huɗu sun gani da idonsu?

"Ciwon kai."

Ya ce to in koma benci in jira, masu ciwon kai da yawa. Har na juya. Sai na ji an dafa ni an matsar gefe. Alhaji Mudi ne, mutumin da bai taɓa ce mini ko "ka ci abinci?" ba. Ya sunkuya a tagar, idonsa na kan bango, ya ce da muryar da yake ciniki da ita a kasuwa:

"Ba kansa ba ne. Gabansa ne ya miƙe tun asuba ya ƙi kwanciya, ya fara baƙi. Mijin 'yata ne. A taimaka."

Ni dai ban san da ƙafa na shiga ɗakin likita ba ko da ka.

Likitan bai yi dariya ba, bai ma yi mamaki ba, abin da ya fi komai kwantar mini da hankali ke nan. Ya duba, ya tambaye ni ko ina da ciwon sikila, na ce a'a. Ya ce wane magani na sha kwanan nan? Na ce babu, sai na ciwon kai. Ya ce in nuna masa. Na laluba aljihu na miƙa masa ƙunshin. Ya juya ƙwayar a tafin hannunsa ya gyaɗa kai.

"Ita ce. Tana yi wa wasu haka, ba kowa ba. Jini ne ya shiga ya kasa fita, in ya daɗe kuma sai naman wurin ya mutu. Me ya hana ka zuwa tun da safe?"

Na ce suna ake yi, na ɗan fari.

Ya ce, "Da ka kai gobe, da shi ne na fari, shi ne auta."

Abin da ya biyo baya da allura ne, babba, kuma ba a hannu ba. Ba zan ba ka labarinsa ba. Na dai kira sunan mahaifiyata da ƙarfi, Tanimu ya ce har waje an ji. Da aka zuƙe jinin, baƙi ƙirin, sai na ji sauƙi ya sauko mini kamar an sauke mini buhu daga ka. Likita ya ce kada in ƙara shan ƙwayar nan har abada, ya canza mini wata. Na tambaye shi ko komai zai dawo daidai. Ya ce yana sa rai, amma lokaci ne zai nuna.

Wannan "lokaci ne zai nuna" ita ta hana ni sakewa wata da watanni. Hajara na can tana wankan jego, ni ina nan ina rabon ruwa da zullumi. Manomin albasan nan kuwa har ruwa na ƙara masa, don kunyar zargin da na yi masa, shi bai ma san dalili ba.

A hanyarmu ta komawa ranar, a gaba na zauna. Alhaji Mudi ya ja motar daga Kano har gida. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Tsofaffin nan ma sun riƙe amana, sai dai duk ranar da na je gaisuwa Iya Gambo takan dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigidana, yaya kan?" Sauran su toshe baki da mayafi.

Sai ranar sunan ƙanwar yaron, bayan an yaye shi, sannan Alhaji Mudi ya taɓo maganar. Na je na durƙusa gaban surukina kamar kullum, kaina a ƙasa. Ya amsa, har na yunƙura zan tashi. Sai na ji ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Alhamdu lillahi. Man motata bai tafi a banza ba."

Yau 'ya'yana bakwai. Shida daga cikinsu sun zo duniya ne saboda wata tsohuwa ta tuɓe ni da ƙarfin tsiya, wani dattijo kuma ya ajiye kunyarsa a tagar asibiti lokacin da ni na kasa ajiye tawa. Har yanzu ina jin kunyar surukai, ban daina ba, abu ne mai kyau. Amma na daina kai ta asibiti. Kuma duk wanda ya miƙo mini magani, ko na mura ne, sai na riƙe hannunsa na tambaye shi: "Malam, ban da inda aka aike shi, ina da ina kuma yake zuwa?"